Asabar, a rumfar mai yanka gilashi

Firam ɗin nan uku da na shafe mako biyu ina harhaɗawa a zaure sun bushe tun jiya, saboda haka yau da hantsi na sa takardar awo a aljihu, na hau adaidaita sahu zuwa layin masu gilashi. Uwargida ta ce in sayo tumatir a hanyar dawowa, kuma na manta, kamar yadda ta yi zato.

Yaron da na tarar a rumfar ya jawo mini ragowar gilashin taga mai kaurin milimita 4, yana rantsuwa cewa shi ne mai ƙarko. Har na kusa yarda, sai ubangidansa, wani dattijo mai furfura, ya taso daga benci, ya karɓi takardata, ya tambaye ni zurfin gurbin da na sassaƙa a bayan katakon. Da na ce milimita 8 ne, sai ya girgiza kai ya ce, "Malam, hoto ba taga ba ne. Idan gilashi ya cinye rabin gurbin, ina za ka sa hoton da kwalin baya da ƙananan ƙusoshi? Milimita 2 ya ishe ka." Ya ƙara da cewa murabba'in mita ɗaya na mai kaurin 4 yana kai kilo 10, na mai kaurin 2 kuwa kilo 5 ne, alhali ƙusa ɗaya ce a bango za ta ɗauki nauyin duka. Ya kuma rage milimita 2 daga tsawo da faɗin da na rubuta, domin katako yana kumbura da damina, yana tsukewa da hunturu, kuma gilashin da aka cusa cif-cif shi ne yake tsagewa daga kusurwa.

Na tambaye shi game da gilashin nan mai dishi-dishi da ba ya mayar da hasken fitila, sai ya ɗora guntunsa a kan jarida, rubutun ya fito sarai, da ya ɗaga shi kaɗan kuwa haruffan suka dusashe. Na roba kuma ba ya fashewa, amma yana saurin karcewa, yana kuma jawo ƙura, wanda a garin nan ba ƙaramin aibu ba ne. Na tsaya a kan farin gilashi na yau da kullum.

Ya tsoma bakin abin yankansa a kananzir, ya ja layi ɗaya tak a jikin doguwar rula, ya kawo layin daidai bakin tebur, ya danna, gilashin ya rabu da ƙara ɗaya siririya. Yana goge kaifin gefen da dutse ne ya tambaye ni, ba tare da ya ɗago kai ba, hoton wa za a saka a babban. Na ce na mahaifina ne, Allah ya jiƙansa. Ya amsa da amin, sannan ya ce, "To, kada ka bari fuskar hoton ta taɓa gilashi. Ka yanka kwali ka zagaye gefensa ya zama tsakani, domin idan danshin damina ya shiga, hoton zai manne, ranar da ka zo cirewa sai ya bar fatarsa a jikin gilashin." Na ce, "Na gode, Baba," na biya shi, amma tun daga nan raina ya ɓaci.

Abin da ya faɗa ya riga ya faru a hannuna. Watan jiya, da na kwance tsohon firam ɗin da ke ɗakin Inna, na ji hoton ya ƙi fita, kuma maimakon in dakata sai na ja shi da ƙarfi. Kafaɗar mahaifina ta hagu da gefen hularsa suka zauna a jikin gilashin, suka bar farin tabo a takardar. Na ɗora laifin a kan tsufan hoton, haka kuma na gaya wa Yaya da ta tambaya, ita ma ta yarda. Wannan ne kaɗai hotonsa da muke da shi yana saurayi.

Sababbin gilasan suna jingine a bayan ƙofa, a naɗe cikin jarida, ban gwada ko ɗaya a gurbinsa ba. Bayan isha'i na ɗauko tsohon gilashin daga ƙarƙashin gado, inda na ɓoye shi, na haska shi da fitilar waya. Zaren aikin hular yana nan a manne, ana iya ƙirga shi. Inna ta aiko ɗazu tana tambaya ko gobe za a rataye mata hoton, na ce a gaya mata sai na samo kwali.