Idan wani ya sha magani da sunanka: abin da doka ta tanada kan sojan gona da katin asibiti da na inshora

Wanda aka sace wa katin cirar kuɗi yakan gane a ranar, domin saƙon banki zai shigo masa. Wanda aka yi amfani da lambar inshorar lafiyarsa kuwa yana iya kwashe shekara bai sani ba. Babu saƙon da ke shigowa waya idan wani ya je ɗakin kati ya ba da sunanka, aka ɗauko fayil ɗinka, likita ya duba shi, ya rubuta cutarsa a takardarka. Sai ranar da ka je da kanka, ko dai a ce kasonka na wannan shekarar ya ƙare, ko ka ji likita yana tambayarka yadda kake ji da maganin ciwon sukarin da ba ka taɓa sha ba.

Asarar kuɗi ita ce ƙaramar ɓarna a nan. Babbar ita ce fayil ɗin da ya gauraye, kuma a kansa ya kamata a fi tsayawa.

Ɗauki rukunin jini. Idan wanda ya shiga da sunanka rukuninsa daban ne, aka rubuta nasa a bangon fayil, to ƙa'ida ita ce a sake gwada jini kafin a ƙara wa mutum, kuma asibitin kirki ba ya tsallake wannan. Amma a ɗakin gaggawa, da dare, ga jini yana zuba, rubutun da ke fayil yana iya karkatar da hankalin ma'aikaci, kuma ƙarin jinin da bai dace ba yana lalata ƙoda, yana kisa. Ga mata abin ya fi tsanani. Mace mai jinin Rhesus negetif tana buƙatar allurar anti-D cikin awa 72 bayan haihuwa idan jaririn fozitif ne, domin kare cikin da zai biyo baya. Idan ƙanwarta mai jini fozitif ta yi awon ciki da katinta, aka rubuta fozitif, babu wanda zai tuna da allurar. Haka batun maganin da jiki ba ya karɓa: mutumin da Septrin ko Fansidar ko fenisilin ke tayar masa da borin jini, idan sabon shafi ya nuna "ya sha lafiya lau", an share gargaɗin da ke kare shi. Sannan ga sakamakon gwajin sikila, da na ciwon hanta, da na cuta mai karya garkuwar jiki. Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, saboda haka takardar da ke ɗauke da sunanka da sakamakon wani tana iya rusa aure, ko ta haɗa auren AS da AS da bai kamata a ɗaura ba.

Hanyoyin da abin ke faruwa ba su da yawa. Ta farko, wadda ta fi yawa a wajenmu, ita ce aron kati. A tsarin ma'aikata na Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, ana rajistar ma'aikaci da matar aure ɗaya ko miji, da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. A gidan da ke da mata biyu da 'ya'ya tara, da tsohuwa, da ɗan riƙo, kowa ya san abin da ke biyo baya: yaron da ba ya cikin rajista ya kamu da zazzaɓi, sai a kai shi da sunan wansa. Tausayi ne ya kawo hakan, ba mugunta ba, amma fayil bai san tausayi ba, kuma doka ta ɗauke shi yaudara. Hanyar halal tana nan: a biya kuɗin ƙarin mutum a rajista, ko a shigar da shi tsarin GIFSHIP na ɗaiɗaikun mutane da iyalai, ko tsarin jiha kamar hukumar taimakekeniyar lafiya ta Kano, KSCHMA, ko KADCHMA ta Kaduna.

Ta biyu daga cikin asibitin kansa take fitowa. Asibitin matakin farko ana biyansa kuɗi ne bisa kowane kai da ke rajista a wurinsa, ko ya zo ko bai zo ba. Aikin mataki na biyu kuwa, kamar tiyata da ganin ƙwararren likita, ana biya ne bisa abin da aka yi, bayan kamfanin HMO, wato dillalin da ke tsakanin hukumar inshora da asibiti, ya ba da lambar amincewa. A nan ne marar gaskiya ke samun ƙofa: ya nemi lamba da sunan wanda bai taɓa zuwa ba, ya rubuta aikin da ba a yi ba, a biya. Sunayen mamatan da iyalansu ba su sanar an cire su ba suna da sauƙin shiga wannan tarko. Ta uku ita ce ta waya da intanet: a kira ka a ce daga hukumar inshora ne, ana "sabunta rajista", a nemi lambar NIN da ranar haihuwa da hoton katinka. Ko kuma a kutsa rumbun bayanan asibiti baki ɗaya. A Amurka, kutsen da aka yi wa kamfanin Change Healthcare a Fabrairun 2024 ya shafi bayanan mutum kusan miliyan 190, kuma asibitocinmu da ke komawa kwamfuta yanzu ba su fi ƙarfin irin wannan ba.

To me doka ta ce? Babu doka guda da aka yi musamman domin wannan laifi a Najeriya. Kariyar a warwatse take, kuma sanin wace doka ce ta kama wa shi ne rabin aikin.

Tushe shi ne sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999, wanda ya kare sirrin ɗan ƙasa. Sai Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda a ganina ita ce aka fi mantawa da ita alhali ta fi kowace kusa da ɗakin kati. Sashe na 26 ya ce duk bayanin da ya shafi lafiyar mutum, da jinyarsa, da zamansa a asibiti, sirri ne. Ba a fitar da shi sai da amincewarsa a rubuce, ko umarnin kotu ko wata doka, ko buƙatar iyaye da waliyyi ga yaro da wanda ba ya cikin hayyacinsa, ko idan ɓoyewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin babban haɗari. Sashe na 29 ya ɗora wa shugaban asibiti alhakin tsare fayiloli daga wanda ba shi da izini, sannan ya mai da wasu ayyuka laifi: sauya abin da ke fayil da ƙarya, kwafar wani ɓangare ba izini, kutsawa cikin bayanan, ba da bayanin ƙarya da nufin a shigar da shi fayil, har da ƙin gyara fayil bayan an nema ta hanyar da ta dace. Hukuncin ɗauri ne da bai wuce shekara 2 ba, ko tarar naira 250,000, ko duka biyun. Tarar ta yi kaɗan a kuɗin yau, amma ambaton sashen a cikin wasiƙa yana sa a ɗauki magana da muhimmanci. A lura kuma: ba da bayanin ƙarya ya haɗa da wanda ya ara da wanda ya ba da aro.

Shi kansa mai sojan gonan, idan ta kwamfuta ko waya ya bi, sashe na 22 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ne ke jiransa. Wanda ya yi amfani da lambar sirri ko wata shaidar da ta keɓanta da wani bisa zamba, ko ya yi shigar wani, rayayye ko matacce, domin ya ci riba ko ya cutar, yana fuskantar ɗaurin da ya kai shekara 5 ko tarar da ta kai naira miliyan 7, ko duka biyun. Idan kuwa da ƙafarsa ya je asibiti ya ce shi ne kai, dokar Penal Code da jihohin Arewa ke aiki da ita tana da laifin cuta ta hanyar sojan gona, kuma 'yan sanda sun saba da shi.

Wadda ta ba ka makami a hannunka ita ce Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Ta sa bayanan lafiya cikin rukunin bayanai masu tsananin sirri. Sashe na 34 ya ba ka ikon tambayar asibiti ko HMO abin da suke riƙe da shi a kanka, da waɗanda suka ba wa, da neman kofi, da neman a gyara abin da ba daidai ba. Sashe na 40 ya wajabta musu sanar da NDPC cikin awa 72 idan bayanai sun fita ta hanyar da za ta iya cutar da mutane, kuma su sanar da kai nan take idan haɗarin babba ne. Tarar manyan masu riƙe bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa; ga ƙanana, miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari. Sashe na 51 kuma ya bar maka ƙofar kotu a buɗe domin neman diyya.

Duk waɗannan ba sa motsi sai da takarda. Ƙorafin baki a tagar ɗakin kati ba ya barin shaida. Ranar da ka ga alama, fara da lafiyarka kafin shari'a: ka gaya wa likitan da ke gabanka cewa akwai bayanin da ba naka ba a fayil, ka nemi a sake gwada rukunin jininka, da gwajin sikila, da duk wani gwajin da sakamakonsa ya ba ka mamaki, ka ajiye sakamakon a hannunka. Daga nan ka rubuta wa shugaban asibitin wasiƙa, kofi biyu, a buga wa naka hatimin karɓa da kwanan wata. A ciki ka sa cikakken suna, lambar fayil, lambar inshora, abin da ka gani da ranar da ka gani, sannan ka nemi jerin duk ranakun da aka buɗe fayil ɗin da abin da aka yi a kowace rana. Ka ambaci sashe na 34 na dokar 2023 da sashe na 29 na dokar 2014, ka ba su wa'adi mai ma'ana, kamar mako biyu. Irin wannan wasiƙar ka aika wa HMO ɗinka, ka nemi jerin duk lambobin amincewa da kuɗaɗen da aka biya da sunanka, ka nemi a dakatar da tsohon kati.

Jerin ranakun nan shi ne zuciyar hujjarka. Ranar da aka ce an kwantar da kai, wataƙila kana bakin aiki, ga rajistar shiga ofis, ko kana Saudiyya, ga hatimi a fasfo. Ka haɗa waɗannan da takardar rantsuwa daga kotu da kofin rahoton 'yan sanda.

A nan ne aka fi samun cikas, kuma gara a san shi tun da wuri. Asibiti zai iya cewa ba zai ba ka fayil ɗin ba domin yanzu akwai sirrin wani a ciki. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, tun da cutar wancan ma sirri ce, amma ba hujjar hana ka naka ba ce. Ka nemi a ware: a rufe shafukan da ba naka ba, a ba ka sauran. Kuma kada ka nemi a yage shafi ko a goge shi. Ba a goge fayil ɗin asibiti; ana ja wa kuskure layi ɗaya yadda zai karantu, a rubuta gyara, a sa hannu da kwanan wata. Shafin da aka yage shaidarka ce ta tafi. Abin da ya fi shi ne a buɗe maka sabon fayil da sabuwar lamba, a kulle tsohon, a manna gargaɗi a bangonsa. Sai ka bi sawun inda bayanin ya riga ya tafi: ɗakin gwaji, kantin maganin asibiti, asibitin da aka tura "ka", da HMO. Gyara a wuri ɗaya ba ya bin sauran da kansa, kuma a asibitin da ke haɗa takarda da kwamfuta sai an gyara duka biyun.

Idan wa'adi ya cika shiru, kowace matsala da ƙofarta. Rikicin kuɗi da kason inshora na ofishin NHIA na jiha ne, ko hukumar taimakekeniyar jihar idan a can kake. Fitar bayanai da ƙin gyara na NDPC ne, a ƙarƙashin sashe na 46. Idan likita ne ya sa hannu a aikin da ba a yi ba, Majalisar Likitoci ta MDCN tana da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa da ke iya dakatar da lasisi. Hukumar kare haƙƙin masu sayayya, FCCPC, tana karɓar koken majinyata bisa kundin haƙƙin majinyaci da aka ƙaddamar a 2018. Zambar da ta bi ta intanet kuma ta cibiyar laifukan intanet ta 'yan sanda ce ko EFCC. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya fara da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ko ofishin Legal Aid na jiharsa, mai ba marasa ƙarfi lauya kyauta.

Wanda ya riga ya ba da aron katinsa, matsayinsa a gaban doka ya yi rauni, domin da yardarsa aka yi, kuma yana iya fuskantar dakatarwa daga tsarin ko a nemi ya biya abin da aka kashe. Duk da haka fayil ɗin sai an gyara shi. Ya sami lauya ya ji matsayinsa tukuna, sannan ya gaya wa likitansa waɗanne ziyarce-ziyarce ne ba nasa ba, a buɗe wa wanda ya ara fayil da sunansa na gaskiya, domin shi ma tarihin jinyarsa yana kwance a inda likitansa na gobe ba zai neme shi ba.

Sauran kariyar ta yau da kullum ce. Kada a tura hoton katin inshora a zauren WhatsApp lokacin neman taimakon jinya. A rufe lambar fayil da ta inshora da ranar haihuwa kafin a ɗauki hoton takardar asibiti. Kada a ba wa mai kira lambar NIN. A kashe wayar, a kira lambar da ke jikin katin ko a je ofis. Kada a sa hannu a fom ɗin jinya da babu komai a cikinsa, ko da an ce "za a cike daga baya", kuma a karɓi rasit na kashi 10 cikin ɗari da ake biya na magani a tsarin ma'aikata. Sau ɗaya a shekara a nemi HMO ta ba da jerin abin da aka biya da sunan kowa a gidan. Idan aka yi rasuwa, a kai takardar shaidar mutuwa wurin aiki da HMO a cire sunan, a karɓi shaidar an cire a rubuce.