Bajamushen da ya hana ni barci jiya

Jiya da daddare ina ta latse-latsen waya na ci karo da wani tsohon fim kan Fulani Wodaabe na Nijar, samari sun sha kwalliya suna zare ido suna nuna fararen haƙora a wajen bikinsu na Gerewol, sai na ce bari in ga wa ya ɗauki wannan abu. Ashe wani Bajamushe ne, Werner Herzog, a 1989 ya fito da shi. Wallahi daga nan barci ya ƙaurace min.

Mutumin nan an haife shi a Munich a 1942 ana tsakiyar yaƙi, ya tashi a wani ƙauye cikin duwatsu da ko ruwan famfo babu a gidansu. Amma abin da ya fi ɗaure min kai shi ne fim ɗinsa Fitzcarraldo na 1982, wai jirgin ruwa na gaske mai nauyin tan sama da 300 ya sa aka ja shi aka haye tudu da shi a dajin Peru, ba dabarar kwamfuta ba komai, igiya ce da ƙarfin mutane da katafila, mutane ma sun ji rauni a aikin kuma ni dai a nan ban goyi bayansa ba gaskiya. Duk da haka ya ci kyautar gwarzon darakta a bikin fina-finai na Cannes da ke Faransa.

Kuma a 1974 da ƙafa ya taka daga Munich har Paris cikin sanyi don ya duba wata dattijuwa marar lafiya. Ni ko dubiya a unguwarmu sai na hau Keke Napep.