Sunan da ke saman takarda

Ƙarshen wannan zangon zan bar sashen. Ƙannena mata da suka shigo koyarwa bayana sun ce kada in tafi ban bar musu komai a rubuce kan kuɗin bincike ba, to ga shi.

Duk mun san ƙofofi biyu na TETFund, asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa manyan makarantu. Akwai ƙaramin tallafin IBR da ake tacewa a cikin jami'a, wanda a lokacinmu bai wuce naira miliyan 2 ba, sai kuma babban, NRF, da ake gasarsa a ƙasa baki ɗaya. A lokacinmu kuɗin na fitowa ne daga harajin ilimi da kamfanoni ke biya, wanda ya faro daga kashi 2 cikin 100 na riba ya kai kashi 3 a 2023. Ba aljihun wani furofesa ba ne, ko da yake wasu haka suke ɗaukarsa.

Aikina a kan ƙuduji ne, ciyawar nan da ke maƙale wa saiwar gero da dawa ta shanye su tun ba ta leƙo waje ba. Na bi gonaki a Mashi da Mai'adua da kewayen Daura da kuɗin motata, ina ɗibar ƙasa ina sauraron manoma. Ni na rubuta taƙaitaccen bayanin farko na neman babban tallafin, NRF. Da ya tsallake aka nemi cikakken tsari da kasafi, ni na kwana a kansu da goyo a baya. Ana gab da turawa wani babban malaminmu ya kira ni ofis ya ce, "'Yata, Abuja ba sa sakar wa ƙaramin malami irin wannan kuɗi. Bari sunana ya hau sama, ke ce dai mai aikin." Na ce, "To, ranka ya daɗe." Me zan ce? Shi ke zama a kwamitin ƙarin girmana.

Sai da kuɗi suka sauka na ga abin da saman takarda ke nufi. Jagoran bincike shi ke kare tsarin a gaban alƙalai, shi ke sa hannu a fitar da kowane kaso, shi ke zaɓen wanda zai je taro. Ni kuma aka bar ni da tattara rasit, domin ba a sakin kaso na biyu sai an yi bayanin yadda aka kashe na farko. Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi. Da maƙalar ta fito, sunana ne na huɗu, bayan na wani ɗan gidansa da ko furen ƙuduji bai taɓa gani a gona ba. Da na yi magana aka ce mace mai aure ba ta da lokacin yawon taro, wai sauƙi aka yi mini. Har yau idan mun haɗu yakan tambaye ni yara, fuska a sake.

Saboda haka ku nemi tallafin da ba ya karɓar sunan kowa sai naku. Shirin L'Oréal da UNESCO na matasan mata masana kimiyya a Afirka kudu da Sahara yana ba mai karatun digiri na uku Yuro 10,000, wadda ta kammala kuma 15,000, kuma 'yan Najeriya sun sha cin sa. Gidauniyar Schlumberger tun 2004 take ɗaukar nauyin mata daga ƙasashe masu tasowa su yi digiri na uku ko bincike a waje. Masu harkar noma ku duba AWARD, shirin tallafa wa matan Afirka masu binciken noma da ke Nairobi. Duk suna neman wasiƙar shaida, don haka ku zaɓi mai rubuta muku tun da wuri, wanda ba ya kallon aikinku a matsayin gadonsa.

Sauran shawarwarin ba su da yawa. A rubuta jerin sunayen marubuta kafin a ɗebi ƙasa ko cokali ɗaya, kowa ya sa hannu. Ku tsaya kan suna ɗaya a maƙaloli, ko na uba ko na miji. Kada ku raina IBR, ƙarami ne amma ku ne jagora. Ku saka hauhawar farashi cikin kasafi, sinadaran gwaji da dala ake sayensu.

Na'urorin da aka saya da kuɗin ƙuduji suna nan a ɗakin gwaji, makullin na hannunsa. Wadda ke bukata ta je ta roƙa. Ni dai na gama roƙo.