Salansa, totur da tankin mai: abin da nake gani a garejina

Aikina gyaran manyan babura ne, irin waɗanda ake ɗaura wa akwatuna a kama doguwar hanya. Garejin a Kano yake, rumfa ce da shago ɗaya na ajiyar kaya, sai yara masu koyon aiki. Da ƙananan mashina na fara kamar kowa, Jincheng sannan Bajaj. Da gwamnatin jiha ta hana acaɓa a watan Janairun 2013 kasuwa ta faɗi, abokan sana'a da dama suka koma gyaran Adaidaita Sahu, ni kuma na karkata ga manya. Masu su ba su da yawa, amma idan suka yarda da hannunka ba sa barin ka, kuma su ne za su kawo maka abokansu. BMW GS, Honda Gold Wing, Harley-Davidson, Kawasaki Versys, Suzuki V-Strom, su ne ke kwana a rumfata. Kusan duka na hannu ne daga Amurka ko Turai, sun shigo ta Legas ko ta Kwatano.

A da babu mai yi mini zancen mai. Wanda ya iya sayen babur na miliyoyi ba ya ƙirga lita. Abu biyu ke kawo shi, ƙara da ƙarfi. "Oga, a cire mini wannan salansar, ta cika shiru." Sai ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare ta wuce 1,000. Daga nan tambaya ta sauya. Wanda ya matsa mini lamba a ɗaura masa salansa mai ruri, shi ne ya dawo yana ƙorafin tanki ba ya daɗewa, kuma salansar yake ɗora wa laifi.

Amsata gare su ɗaya ce: ranka ya daɗe, salansa bututu ce, hayaƙi take fitarwa, ba ta shan mai. Abin da ke shan man shi ne aikin da aka yi wa injin bayan an ɗaura ta, sai kuma halin da hannun damanka ya ɗauka tun ranar.

Kafin a ce shan mai ya ƙaru sai an san yadda yake tun asali. Gold Wing ɗin da Honda ya fitar a 2018, mai silinda 6 da injin da ya haura cc 1,800, kamfanin ya ce yana yin kusan kilomita 18 a lita. Manyan Harley na tafiya ma a nan suke, a takarda. BMW GS ya ɗan fi su, yana wajen kilomita 20. Bajaj Boxer ɗin ɗan acaɓa yana ninka wannan har da ƙari. Alƙaluman kamfani kuma daga ɗakin gwaji suka fito, babu fasinja, babu akwatuna uku, babu ramukan hanya.

Injinan waɗannan manyan babura ba su da kafireta. Nozul ne ke fesa mai, ƙwaƙwalwar injin, burenbos, ita ke ƙayyade yawansa. A jikin bututun hayaƙi akwai sensa da ke shinshinar iskar da ta rage bayan ƙonewa tana kai mata rahoto. Idan kana tafiya a natse, totur bai buɗe sosai ba, ƙwaƙwalwar tana riƙe haɗin a kan awo 14.7 na iska ga awo 1 na fetur, da nauyi ake aunawa. A daidai nan fetur ke ƙonewa tas. In tukunyar baya ta salansar kaɗai ka sauya, ka bar sensa a mazauninta, ƙwaƙwalwar za ta daidaita kanta, da wuya ka ga bambanci a gidan mai.

Lissafi yana sauyawa ne idan aka yi cikakken aiki: salansa gaba ɗaya tun daga bakin injin, irin Vance & Hines ko Akrapovič, filtar iska mai buɗaɗɗen baki irin K&N, sannan a jona ɗan akwati kamar Power Commander na kamfanin Dynojet, ko a sake rubuta saitin ƙwaƙwalwar kanta. Iska ta ƙaru, don haka a wasu wurare dole a ƙara mai, in ba haka ba injin ya ɗau zafi. Injin kuma ya fi ba da ƙarfi idan haɗin ya sauko wajen 13 ga 1. Raba 14.7 da 13 ka gani: ƙarin mai ne na kashi 13 cikin 100 a kan iska iri ɗaya. In a lokacin da aka murɗa totur har ƙarshe kawai ake zuba wannan, babu matsala, don daƙiƙa nawa mutum ke yi a haka? Abin da nake yawan tararwa shi ne an cire sensar ko an saka mata ɗan abin da ke yaudarar ƙwaƙwalwa, an shimfiɗa 13 ga 1 ko'ina, har inda kake tafiyarka a giya ta shida kana kallon gonaki. A wurin ba ka buƙatar ƙarin ƙarfi ko kaɗan, amma kana biyan kuɗinsa kowane kilomita. Tankin babban Harley tun daga 2008 lita 22.7 yake ci. A kilomita 18 zai kai ka wajen 400. Da wancan saitin sai ya dawo wajen 360, kuma ba ka ƙara gudu ba.

Ban ce a hana injin ƙarin mai gaba ɗaya ba. Harley mai sanyaya da iska, a cunkoson Kano cikin watan Afrilu, zafinsa yana gasa cinya, kuma ɗan ƙarin mai a lokacin da yake tsaye ko yana rarrafe yana rage wannan. Ina barin sa a nan, ina kuma barin sa a saman totur. Tsakiyar, inda ake cin doguwar hanya, ita nake mayarwa kusa da yadda kamfani ya bari. Ba ni da na'urar nan da ake ɗora babur a kan nadi a auna ƙarfinsa, tsadarta ta fi ƙarfin gareji irin nawa. Sensa ta musamman nake ɗaurawa a bututu, mai nuna haɗin da lamba, a fita titi, a dawo a gyara, a sake fita. Aikin yana cin yini, shi ya sa kuɗinsa ya fi na ɗaura salansar, abin da masu babur da yawa ba sa son ji.

Akwai kuma tas-tas ɗin da buɗaɗɗiyar salansa ke yi idan an saki totur. Wasu don ita suka saya, wasu kuma tana ba su tsoro. Hanya mai sauƙi ta kashe ta ita ce a ƙara mai a daidai lokacin da totur ke rufe, kuma haka wasu masu gyara suke yi. Mai ne kake ƙonawa alhali birki kake shirin takawa. Sau da yawa asalin abin gasket ne ya saki a mahaɗar bututu iska tana kutsawa. A sauya shi, a ɗaure da kyau, ƙarar ta ragu.

Babur ɗin da ya zo daga waje kuwa, abu na farko da nake sa yara su yi shi ne ɗaga kujera. Sau tari za ka tarar da akwatin saiti a kwance a nan, mai babur bai ma san da shi ba. Baturen da ya sayar ya cire salansarsa mai tsada ya mayar da ta asali, ya bar saitin da aka rubuta don waccan. Injin yana ta karɓar man da ba shi da iskar ƙona shi. Alamarsa ba ta ɓuya: fulogi baƙi ƙirin, bakin salansa da baƙar toka, warin fetur idan ya tsaya, wani lokaci har baƙin mai ya ɗauki warin. Irin wannan gyaransa cire waya ne kawai, kuma mai shi yana ganin canji tun a tanki na farko.

Filtar iska mai buɗaɗɗen baki ba na ba da shawararta a nan Arewa. Auduga ce da ake shafa wa mai, tana barin iska ta wuce fiye da ta takarda, ƙura mai laushi ma tana samun hanya. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ke kwaso ƙurar Sahara, man jikinta yana kama ƙasa har ta toshe, in kuma an wanke ba a shafa daidai ba sai ƙurar ta wuce silinda. Ƙarfin da take ƙarawa bai kai kuɗin ringi da fistin ba.

Sai hannu, wanda shi ne babba, kuma shi ne ba a son a faɗa. Wanda ya ɗinka sabuwar babbar riga ba ya wuni a ɗaki. Mutum ya kashe kuɗi a kan salansa, dole yana son ya ji ta: ya murza a danja, ya ja giya ta yi nisa kafin ya sauya, ya buɗe wuta duk inda hanya ta miƙe. Iska kuwa ba ta yin ragi. Turjiyarta tana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kan kansa, wato daga kilomita 100 zuwa 140 a awa ta kusa ninkawa biyu. Ƙara dogon gilashin gaba, akwatunan alminiyam masu kusurwa a gefe biyu, da wani a sama, ka faɗaɗa ƙirjin da ke ture iskar. Na sha ganin abokai biyu da babur iri ɗaya sun tashi tare daga Kano, a Kaduna ɗaya yana neman gidan mai ɗaya yana da saura, kuma mai sauran shi ne wanda aka yi wa aiki. Shi dai bai wuce 110 ba.

Ƙananan abubuwa ma suna tarawa. Taya mai ƙarancin iska, taya mai manyan haƙora ta shiga daji alhali a kwalta ake yawo, birki mai ɗan kamawa, busasshiyar sarƙa. Waɗannan nake dubawa kafin in taɓa saiti.

Masu babur mai sarƙa suna da wata dabara ta rage haƙori ɗaya a sifiroket ɗin gaba, faifan nan mai haƙora da ke jan sarƙa, don tashi da sauri. Daga 16 zuwa 15, injin zai riƙa juyawa fiye da da, da kusan kashi 7 cikin 100 a kowane gudu. Abin dariyar shi ne, a wasu babura daga giyabos agogo yake ɗaukar lissafinsa, sai ya riƙa ƙirga kilomitar da ba a yi ba. Mai shi ya zo yana murna mai ya yi masa auki. Gold Wing da babban GS ba su da wannan, sanda ce ke juya tayarsu, Harley kuma bel.

Don haka ba na karɓar "ina ji kamar yana sha". Nakan ce a cika tanki har wuya, babur a tsaye daidai, a mayar da agogon tafiya sifiri, a yi tafiya, a sake cikawa har wuyan, a raba kilomita da litar da ta shiga. A maimaita a tankuna da dama, kuma in zai yiwu a famfo ɗaya, don ba kowane famfo ne litarsa ke cika lita ba. A kuma duba ko agogon mil yake ƙirgawa, kamar na baburan Amurka; mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Masu kwatanta nasu da abin da suka gani a intanet su sani galan ɗin Amurka lita 3.8 ne, na Ingila 4.5.

A doguwar tafiya ma, kuɗin ba shi ne babbar damuwa ba, nisan da tanki zai kai ka ne. Kano zuwa Abuja ya haura kilomita 400, zuwa Maiduguri ya kusa 600. Honda da kansa ya rage tankin Gold Wing daga lita 25 zuwa 21 a 2018, GS Adventure ne mai lita 30 ke tafiya hankali kwance. Kilomita 40 ɗin da saiti ya cinye su ne za su sa ka tsaya gaban 'yan bumburutu da yamma, ka zuba abin da ba ka san da me aka gauraya ba. Ga wani abu kuma: saitin ƙarfi da ake rubutawa a Amurka da Turai yawanci yana gaggauta tartsatsin fulogi, don an yi shi ne da zaton fetur mai daraja ta sama, wanda can famfonsa daban. Mu a nan fetur iri ɗaya ne a kowane gidan mai. Injin da aka matsa wa haka, ga kaya, ga zafin rana, sai ka ji yana ƙwas-ƙwas idan an ja shi a babbar giya. Wannan ƙarar fistin take ci. Duk wanda zai yi nisa, ina mayar masa da lokacin tartsatsin yadda kamfani ya sa, ko da zai ce babur ɗin ya ɗan yi sanyi.

Har yanzu ina ɗaura salansa, sana'ata ce, kuma mai kuɗi yana da ikon jin ƙarar da yake so. Sharaɗi ɗaya na ƙara: duk abin da na cire na asali, salansa, akwatin filta, sensa, ana rubuta lambar babur a jiki a ɗora a kanta a shago, ko mai shi ya tafi da kayansa gida. Ba na barin yara su sayar. Masu sayen tsofaffin ƙarafa suna zagayowa kullum suna neman abin tace hayaƙin da ke cikin salansar asali, wanda 'yan gareji ke kira indomi, saboda ƙarafa masu tsada da ke jikinsa, kuma suna ba da kuɗin da zai ruɗi yaro. Waɗanda suka sayar da tasu a shekarun baya, yanzu da suke son komawa, sai an yi musu oda daga waje da dala, a jira makonni, kuma kuɗin dako kaɗai yakan fi abin da aka ba su a lokacin.