Ledar da take auna jinin haihuwa

Na daɗe ina karɓar haihuwa a cikin birnin nan na Kano, kuma har yau ban ga abin da yake yaudarar ido kamar jini ba. Wani zani ya shanye shi, wani ya bi katifa, wani ya gauraye da ruwan faya. Sai nas ta duba ta ce ai bai kai ba, alhali mai jego ta riga ta fara ganin jiri. A ƙa'ida, idan mace ta zubar da mililita 500 a cikin awa 24 bayan haihuwa, ta shiga haɗari. Cikin ledar fiya wata ɗaya ke nan, ba ƙari. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mata wajen miliyan 14 ne suke gamuwa da wannan a shekara, kusan 70,000 kuma suke rasuwa.

Shi ya sa binciken da ake kira E-MOTIVE ya tsaya mini a rai tun da aka fitar da sakamakonsa a watan Mayun 2023. An yi shi a asibitoci 80 a Nijeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000, tare da Jami'ar Birmingham ta Ingila. Ɓangaren Nijeriya kuwa Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagorance shi. Tamu ce, a nan Kano take koyarwa, a nan take duba mata.

Ba wata na'ura mai tsada aka kawo ba. Leda ce ake shimfiɗa wa mace da zarar jariri ya fito, ƙasanta kamar mazurari, an zana mata layukan awo. Jinin da ya zubo can yake taruwa, kowa yana gani, babu gardama tsakanin nas da likita. Da ya kai layi, sai a haɗa komai a lokaci guda: a murza mahaifa ta saman ciki don ta tsuke, a yi allurar oksitosin mai ƙara tsuke mahaifar, a ba da tranexamic acid mai hana jinin da ya daskare sake narkewa, a sa ƙarin ruwa, a duba ko akwai yagewa ko guntun mabiyiya da ya saura, in abin ya ƙi a kira na gaba. A da, ɗaya ake gwadawa a jira, in bai yi ba a gwada na biyu. A cikin wannan jiran ne mata suke tafiya.

A asibitocin da suka ci gaba da kintace da ido, kusan rabin masu zubar jinin kawai aka gano. A inda aka sa ledar, an gano 93 cikin 100. Idan aka haɗa zubar jinin da ya kai lita ɗaya, da buɗe ciki don tsayar da shi, da rasa rai ta dalilinsa, sun sauko daga kashi 4.3 zuwa 1.6 cikin 100. Kafin ƙarshen 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan tsari cikin shawarwarinta.

Ita kanta tranexamic acid ɗin, wani babban bincike da ya fito a 2017 ya nuna tana rage mutuwa ta dalilin zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku idan aka ba da ita kafin awa uku. In an wuce haka amfaninta ya tafi. Oksitosin kuma sanyi take so, firji take buƙata, ga zafin Afirilu ga ɗauke wuta. Duk mai aikin dare ta san wannan fargabar.

To amma abin da ya fi damuna, ledar nan a asibiti take, yawancin matanmu kuwa a gida suke haihuwa. Wata ta yi awo har ƙarshe, ranar naƙuda sai kunya ko rashin abin hawa cikin dare su tsare ta a ɗaki. Jini ya ɓalle, tsofaffi su ce datti ne yake fita, a bar shi ya zuba. Wallahi ina girmama iyayen nan namu, da yawansu sun karɓi haihuwa fiye da yadda na karɓa, amma a wannan maganar ban yarda da su ba ko kaɗan. Sai an canza zani na uku, ƙafafu sun yi sanyi, tana cewa a ba ta ruwa, sannan a fita neman adaidaita sahu. Su iso mana, mu ce maigida a nemo jini, a fara kiran waya ana cigiyar wanda jininsu ya zo ɗaya. Matar da ta shiga naƙuda da ƙarancin jini ma, ɗan kaɗan ya isa ya kayar da ita.

Don haka duk mai cikin da ta zo mini awo, nakan ce ta turo mini maigidanta. In ya zo, nakan gaya masa ya san rukunin jininta tun yanzu, ya tanadi mutum biyu a dangi da za su iya ba ta, ya riƙe lambar mai mota a unguwa, kuma ya tambayi asibitin da za su je ko suna da ledar awon jini a ɗakin haihuwarsu.