Daga madafar bakin teku zuwa masaukin Gwaggo a Yamai

Mu mutanen Tawa ba mu tashi da sanin kifi ba. In ka cire na tafkin Tabalak da ɗan busasshen da ake dakawa a miya, abin da muka sani shi ne nama, nono, gero da albasa. Albasar ce ma ta kai ni teku. Kawuna yana cikin masu kai albasar Galmi kasuwar Dantokpa ta Kwatano, ni kuma da na bar lekol sai ya ɗauke ni ina riƙe masa lissafin buhuna. Tafiyar ta haura kilomita 1000: Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, Gaya, a haye gada zuwa Malanbil, a bi ta Paraku, a yi ta gangarawa har ƙasa ta ƙare. Cikin masu sayen albasarmu akwai wata dattijuwa mai ƙaramin otel a Gran-Popo, garin da ke yamma da Kwatano kusa da iyakar Togo, wajen da kogin Mono yake shiga teku. Tana neman yaron madafa, kawu ya ce ga ni.

Otel ɗin ɗakuna ne kaɗan a cikin itatuwan kwakwa, da rumfar cin abinci mai fuskantar ruwa. Mai otel ɗin kowa Mama yake ce mata, har mijinta. Shi yana kula da ɗakuna da injin wuta, babbar ƴar tana karɓar baƙi, ƙaramar tana kan murhu, jikoki suna kai faranti in sun taso daga lekol.

Bokiti ta fara miƙo mini, muka sauka bakin ruwa. Masuntan can suna kai dogon taru cikin teku da kwalekwale su zagayo, sannan jama'a su jeru layi biyu a kan yashi suna jan igiya suna waƙa, abin yakan ɗauki awanni. In kifin ya fito ba hannun kowa yake faɗawa ba. Mata ne ke riƙe da cinikin, galibi matan masuntan ko waɗanda suka ba su bashin gyaran taru. Mama tana da macen da take saye a wurinta kullum, kuma ba ta taɓa ƙure ta a tayi ba. Ni da na fito daga cinikin albasa, inda za a wuni ana ja-in-ja a kan dala biyar, abin ya yi ta ba ni mamaki. Sai ranar da teku ya hana, taru ya fito da ciyayi da ƴan ƙananan kifaye, na ga matar ta ɗaga zane a kan daro ta fito da manya guda uku da ta ɓoye mana, sauran masu saye suna kallo. Ɗan abin da Mama take bari a kowane ciniki, ashe kuɗin wannan ranar take biya tun da wuri.

A tsaye a kan yashin ta koya mini duba kifi. Ido ya kasance garau, ba hazo. A ɗaga murfin da ke gefen kai, cikin ya zama ja jawur, in ya koma ruwan ƙasa a ajiye. A danna jikin da yatsa, in gurbin ya zauna bai dawo ba, kifin ya kwana. Sabon kifin teku kuma ƙarninsa kaɗan ne, mai ƙarfin ƙarni ya riga ya fara tafiya. Abin da muka hau da shi cikin bokiti, shi za a rubuta da alli a baƙin allon da ke rumfa. Ba su da takardar jerin abinci da aka buga shekara da shekaru. Ranar da babu jatan lande, a ce wa baƙo babu, ko da daga Faransa ya taso don shi.

Wajen gashi kuwa na ga bambancin hannu. Mu yaji muka iya: ƙuli-ƙuli, citta, kanumfari, masoro, kimba, barkono, abin da ya dace da tsire da kilishi. Can gishiri ne da lemun tsami da ɗan tafarnuwa, a ɗora a kan garwashin da ya lafa, ba harshen wuta ba, a juya sau ɗaya. A gefe a sa moyo, wato tumatir da albasa da barkono da aka ɗan nuna wa wuta kawai, sai akasa, tuwon ƙullun masara mai ɗan tsami da ake naɗewa a ganye. Har yau ina ganin yajinmu ya fi nasu daɗi a kan nama, amma a kan sabon kifi ɓarna ne. Kaguwa da jatan lande ne na ɗan tsaya a kansu, sai da wani malami a zangon Kwatano ya gaya mini cewa a mazhabar Malikiyya abin da ke rayuwa cikin teku halal ne. Giya kuwa ana sayarwa a otel ɗin, amma Mama ba ta taɓa aike na da ita ba, kuma in ta ga na ɗauki buta ba ta kiran sunana sai na dawo.

Duk wannan ana iya koya a kowace madafa. Abin da ban ga irinsa a wani wuri ba shi ne littafinta.

Wani babban littafi ne mai baƙin bango da ke rataye a ƙusa kusa da ƙofar madafa. Duk abin da ya fita daga tukunya sai ya shiga ciki. Farantin baƙo a shafin dama. A shafin hagu kuma abin da ba a biya ba: abincin mijinta, na jikoki, nawa, kwanon da aka aika wa maƙwabciya mai jego, kwakwar da aka fasa wa baƙon da ya iso a gajiye, kifin da aka ƙara wa wani don yau ranar haihuwarsa ce. Har ita kanta in ta ci sai ta rubuta. Da farko ka ce rowa ce. Amma ban taɓa aiki da mai yawan kyauta irin ta ba. Saboda ta san nawa shafin hagu ya ci a wata, ta san nawa za ta iya bayarwa ba tare da ta taɓa kuɗin kifin gobe ba, don haka in ta ba ka abu, da zuciya ɗaya take ba ka, ba ta bin farantin da ido.

An fi ganin amfanin littafin a lokacin Nonvitcha, bikin da mutanen yankin suke yi kowace shekara a Fentikos (wani idin Kirista) tun 1921, wanda ƴan asalin garin suke dawowa gida dominsa daga Kwatano da Lome da ƙasashen Turai. Lokacin ne otel yake samun cinikin da zai riƙe shi watanni, kuma lokacin ne dangi suke ɓarkowa. Mama tana da ɗaki ɗaya na dangi, ba a sayar da shi ko nawa aka taya. Sauran ɗakunan kuwa ko ɗan ƙanwarta ne sai ya biya. A bayan madafa ana ɗora babbar tukunyar gida, kowa ya ci ya ƙoshi. Wanda ya zauna a rumfa ya yi odar abin da ke kan allo, ya zama mai saye. Kowa ya san dokar, ban ga wanda ya yi fushi ba.

Da na dawo Yamai sai Gwaggona, yayar mahaifina, ta kira ni in riƙe mata madafar masaukinta. Gida ne da mijinta ya bari ba nisa da kogi, ta mayar da shi ɗakunan kwana. Baƙi suna zuwa, ƴan kasuwa da ma'aikatan da suka zo taro daga Maraɗi da Damagaram da Agadas, amma ƙarshen wata ba a ganin kuɗi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Duk ɗan Tawa da ya zo babban asibiti, ko rakiyar maniyyaci, ko neman gurbi a Jami'ar Abdou Moumouni, ko bin wata takarda a ma'aikata, gidan Gwaggo yake sauka, kuma mai jinya ba ya zuwa shi kaɗai. Wannan ba laifi ba ne, haka muke. Baƙonka annabinka, da shi aka raine mu. Sai dai daga buhun shinkafa ɗaya ake ɗibar na mai biya da na dangi, firigo ɗaya, gaz ɗaya, ba wanda ya san inda wannan ya tsaya wancan ya fara.

Da na kawo maganar littafi, sai da ta ajiye carbinta.

"Kai ɗan nan, so kake a ce a Tawa ina ƙirga lomar ƴan'uwana?"

"Allah ya ba ki haƙuri, Gwaggo. Ba wanda zai gani sai ni da ke."

"Allah fa yana gani."

"Yana ganin bashin mai nama ma, Gwaggo."

Ta yi kwana da kwanaki ba ta sake tada zancen ba. Abin da muka daidaita a kai daga baya bai zama irin na Mama sak ba, kuma ya fi dacewa da mu. Littafin ba ya rataye a ƙusa, yana cikin ɗakinta ƙarƙashin darduma. Ba a rubuta sunan kowa a shafin hagu, sai dai tiya nawa ta shinkafa, nama na jika nawa. An raba tukunya biyu, an ware ɗaki ɗaya da tsakar gida ga dangi. Da wata ya cika ta ga jimillar, ba ta rage ko tiya ɗaya ba, sai ta ɗan ƙara kuɗin ɗaki ga masu biya, ta daina sayen abin da ba a ci. Abu ɗaya ne ya ƙi tsallako iyaka. Mama tana iya duban ɗan'uwanta ta ce masa ranar Litinin ana bukatar ɗakin. Gwaggo ba za ta iya ba, ni ma bakina ba zai iya furtawa ba. An ce baƙo raɓa ne, amma mai jiran sakamakon asibiti ba shi da ranar tafiya, kuma ba za ka ɗaga shi ba.

Allo kuwa ya karɓu nan da nan, don yanayin Yamai ma ya fi bukatarsa. Kogin nan ba ɗaya yake ba duk shekara: jan ruwa yana zuwa da damina a Agusta da Satumba, ruwan da ya taso daga Gini ya ratso Mali ya iso da sanyi, sannan a Mayu da Yuni ya janye har yashi ya fito a tsakiya. Kifi da farashinsa suna bin wannan. Na nemi mace ɗaya cikin masu kifi na riƙe ta, ba na ƙure ta a tayi, kuma ita take aiko mini da saƙo in giwan ruwa mai kyau ya shigo. Giwan ruwa nakan yi masa gashin teku, gishiri da lemun tsami. Karfasa a soya. Tarwaɗa ce ke son yajinmu da romo mai zafi, don tana da ɗanɗanon laka. Akwai kifin teku na kwali mai ƙanƙara a kasuwa, wanda ya ƙara tsada bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da aka rufe gadar Gaya kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Ina sayensa don tukunyar gida, amma ba na rubuta shi a allo da sunan sabo. A zafin Afrilu kuma, da rana take haura digiri 40 wuta tana ɗaukewa, firigo ba abin dogaro ba ne. Na yini ɗaya nake saye, in ya ƙare a goge allon.

Na kuma daina jin nauyin sa abincinmu a gaban baƙo. Mama akasa take ba Bature ba ta ba shi haƙuri. Mu a da sai dankalin Turawa da taliya, kamar dambu abin ɓoyewa ne. Yanzu dambu da zogale, tuwon gero miyar kuka, shinkafa da wake da mai da yaji, fura da nono da rana, su ne suka fi fita. Da azumi ana buga wa kowane ɗaki ƙofa da sahur, ba a sa shi a lissafin baƙo, shafin hagu yake tafiya.

Inda har yanzu ba mu daidaita da Gwaggo ba shi ne albashi. Mama tana biyan ƴaƴanta mata kuɗin wata kamar yadda take biya na, su sa hannu a littafi. A wurinmu ƴan mata biyu ne na dangi suke wanke-wanke da shara da yankan albasa tun asuba. Gwaggo ta ce ƴaƴanta ne, ita ke ci da su da sutura, kuma ita za ta yi musu kayan ɗaki ranar aure, wanda ya fi albashin shekaru. Ba ƙarya ta faɗa ba, na ga ta yi wa yayarsu. Ni kuma na ce yarinyar da ke tsaye a kan murhu a watan Mayu ya kamata ta riƙe wani abu a hannunta wanda ba sai ta roƙa ba. A yanzu dai ta yarda duk abin da baƙi suka bari na alheri a kan tebur nasu ne su biyu, ba ya shiga aljihun gida. Maganar kuɗin wata ta ce in bari sai bayan babbar salla.