Godiya ga waɗanda suka ɗauke ni, da waɗanda suka riƙe mini aji

Salama gare ku 'yan'uwa da abokan arziki, a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Maƙwabtana Musulmi, ina gaishe ku irin gaisuwar da muka saba kowace safiya a bakin rijiya. An sallamo ni daga asibiti, ina gida, ƙafar ma ta fara taka ƙasa. Saƙonni sun taru a waya har na kasa bin su ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na rubuta wannan kowa ya gani. Ba zan kama suna ba. Wasu sun roƙe ni kada in yi, sauran kuma sun san kansu.

Ga wanda labarin ya iske rabi da rabi: kububuwa ce ta sare ni a idon sawu, da magariba, a 'yar hanyar da ta ratsa gonar gyaɗa tsakanin majami'a da gidan da nake zaune. Daga koyon waƙa nake dawowa. Duk wanda ya zauna ƙasar Tangale da Waja ya san lokacin shuka da lokacin kaka su ne macizai suka fi ɓarna, mu kuwa ana tsakiyar cirar gyaɗa. Kububuwa ba ta da wani girma, da ƙyar take kai tsawon hannu, launinta kuma ya saje da ƙasa da busasshen ganye. Ɓarnarta a jini take yi. Dafinta yana hana jini daskarewa, sai ya riƙa fita ta dasashi, ta tsohon miki, har ta ciki inda ido ba ya gani. Mutum yana iya zama ana hira da shi a daren, yana cewa ai da sauƙi, alhali aiki ya riga ya yi nisa.

Godiya ta farko ga Allah Uba, wanda ya ja kwanana. Bayansa sai wani yaro ɗan aji shida da ke biye da ni da tocila. Shi ya ga macijin da idonsa, shi ya kwarma ihu. Da jama'a suka taru, wani ya fara neman igiyar ɗaure mini ƙafa, yaron nan ya buɗe baki a gaban manya ya ce, "Malama ta ce ba a ɗaurewa, ba a tsagawa, ba a tsotsa." Darasin kiwon lafiya ne da na yi musu a zangon da ya wuce, ranar da nake ganin rabin ajin gyangyaɗi suke yi. Ɗana, Allah ya raya ka. Baban da ya zo a guje da askarsa da ƙullin maganinsa, kai ma na gode maka, na san ƙauna ce ta kawo ka. Ranka ya daɗe Mai Unguwa, kai ka yanke magana da kalma ɗaya: Kaltungo, garin da asibitin masu saran maciji yake. Da an tsaya shawara, da wani labarin ake yi yanzu.

Ɗan acaɓan unguwarmu yana fitowa daga sallar magariba aka tare shi, bai ko shiga gida ba. Aka ɗora ni, Mama mai gidanmu ta hau baya ta rungume ni. A rafi ruwa bai gama janyewa ba, samari suka tuɓe takalma, wasu suka ɗauke ni, wasu suka ɗauki babur, har muka hau titin Gombe zuwa Yola. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kowa ya san abin da lita take ci a aljihun ɗan acaɓa. Mama ta kwance bakin zane za ta ba shi kuɗi, ya ce ƙanwarsa ajina take, wane kuɗi kuma. A kan benci ya kwana a asibitin, sai da asuba ya juya.

Likitoci da nas-nas na asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo, ba ni da bakin gode muku. Da isarmu aka ɗebi jinina aka zuba a 'yar kwalbar gilashi, aka ajiye minti 20. Da aka karkata kwalbar, jinin ya zubo tsululu. Nas ɗin ta dube ni ta ce, "'Yar'uwa, dafi ya shiga, amma kin zo da wuri." Aka sa mini maganin kashe dafi ta jijiya, bayan awa 6 aka sake gwaji, haka aka yi ta bibiya har jinin ya kama. A nan na ji cewa maganin, EchiTAb, da dafin macizanmu na Nijeriya ake haɗa shi, amma a ƙasashen waje ake yin sa, sannan a yo jigilarsa. Na taki sa'a akwai shi a ranar. A ɗakin da aka kwantar da ni akwai mata daga Taraba, da Adamawa, da Bauchi, kusan duk daga gona ko daga ɗebo itace aka kawo su. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, kuma wanda ya kwana a ɗakin nan ba sai an yi masa bayanin dalili ba: ciwon mai fartanya ne da mai sandar kiwo. Inna Bafulatana da ke jinyar 'yarta a gadon kusa da nawa, Hausarki kaɗan ce, Fulatancina babu, amma furarki ce abu na farko da ya zauna mini a ciki. Matasan ikkilisiya da suka zo ba da jini, da wan ɗan acaɓan nan da ya biyo su ya miƙa hannunsa, Ubangiji ya mayar muku ninki.

Gaskiyar magana, da hankalina ya dawo jikina, tunanin aji ya fi ciwon ƙafa damuna. Wanda bai san makarantarmu ba zai ce ai malami ɗaya ne ya kwanta. Mu uku ne da Hedimasta, azuzuwa shida. Ni ke riƙe da aji biyar da aji shida a ɗaki guda: in ba waɗannan lissafi a rabin allo, in juya in yi wa waɗancan karatun Turanci a ɗaya rabin. 'Yan aji ɗaya a gindin darbejiya suke. Da safe ni ce mai kiran rajista, ni ce mai duba farce, ni ce mai raba faɗa a kan fensir, wani lokacin ni ce mai wanke miki. Alli in ya ƙare daga aljihu ne. Da dare in rubuta shirin darasi da fitilar caji, in akwai cajin. Da na gama NCE, wato karatun zama malamin makaranta, aka turo ni nan, mahaifiyata ta yi kuka, ta ce ina zan kai kaina. Yanzu in ta zo, ta fi ni daɗewa wajen gaishe-gaishe.

A irin wannan makaranta kaka ce babbar jarrabawa. Hannu ake nema a gona, kuma ba na ganin laifin iyaye, abincin shekara ne. In yaro ya zo ya tarar ba malami yau, ya tarar babu gobe, jibi uban zai ce ya biyo shi gona. Namiji yakan dawo bayan an kai amfani gida. 'Ya mace in ta kai aji shida ta fita a kaka, sau da yawa fitar ke nan: sai talla ranar kasuwa, sai a tura ta aikatau birni, sai maganar aure. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole ne. A takarda haka yake. A ƙauye kuwa, abin da ke riƙe yarinya a aji shi ne ta leƙo ta ga mutum tsaye a gaban allo.

To, an samu masu tsayawa. Baba Hedimasta, ka bar ofis ka haɗa azuzuwa biyu a kanka, ga hawan jini. Baba dattijon ikkilisiya, tsohon malami da ya daɗe da yin ritaya, ka kakkaɓe tsohon tabaranka ka dawo kana koyar da Turanci ba ko sisi. Yara sun ce ka fi ni tsanani, na ce su gode wa Allah. Malamin Islamiyyar garinmu, kana tashi daga karatun safe ka zo ka karɓi lissafin aji shida, ka bi littafin shirin darasina shafi-shafi, har ka aiko a tambaye ni inda muka tsaya a kason ɗari. Malam, wannan aiken ya yi mini magani. Da aka kawo mini rajista na duba, sunan kowace yarinya ta aji shida yana nan da alamar zuwa. Iyaye, na san abin da kuka rasa a gona da kuka bar su. Na gode.

Wasiƙar da ajin suka haɗu suka rubuto mini tana ƙarƙashin matashina. Na ga kurakuran rubutu a ciki, za mu haɗu.

Baba Fasto, ka zo ka karanta mini labarin Bulus a Ayyukan Manzanni sura 28, inda maciji ya maƙale masa a hannu ya karkaɗe shi cikin wuta, sannan ka yi dariya ka ce ni dai in ci gaba da shan maganin likita. Iyayena na Zumuntar Mata ta ikkilisiyarmu ta ECWA, kun yi karo-karo, kun yi ta aiko da kunun gyaɗa, kun cika ɗakin jinya da waƙa har nas ta zo roƙon a rage murya. Baikon da ikkilisiya ta tara shi ya biya kuɗin mota da abincin jinya. Allah gafarta Malam Liman, an faɗa mini ka sa an yi mini addu'a a masallaci, ƙwan zabin da ka aiko kuma ya iso lafiya. Mama mai gida, kin bar gonarki kin zauna da ni, kin yi mini abin da uwa kaɗai ke yi wa 'yarta. Na dawo na tarar an yi gayya an cire mini 'yar gyaɗata ta bayan gida, an shanya, an zuba a buhu, har yau an ƙi faɗa mini ko su waye. Abokan karatuna da suka turo kuɗi ta waya, wasunku ma albashi bai shigo muku ba, Allah ya buɗa muku.

Ina da roƙo guda biyu. Ciyawar da ke bayan azuzuwa da hanyar rafi tana bukatar a sake nome ta, kuma shugaban ƙungiyar iyaye da malamai ya sa ranar Asabar da safe. Na biyu, 'yan'uwa na birni masu tambayar me za su aiko mini: ni na samu lafiya. Ku aiko da tocila da dogon takalmin roba, ko na gwanjo ne, a raba wa yaran da ke tahowa daga rugage da unguwannin nesa, yawancinsu da silifa suke ratsa ciyawa.

Za a yi sujadar godiya ranar Lahadi mai zuwa da ƙarfe 9 na safe. Bayan an tashi akwai abinci a filin makaranta na kowa da kowa, mahaucin gari ne zai yanka akuyar, saboda haka kada wani ya ce bai samu gayyata ba. 'Yan aji biyar da aji shida, likita ya yarda in koyar a zaune. Ranar Litinin kowa ya zo da littafin lissafinsa.